Lissafi da Cututtukan Gado



Kowa a nan ya san sikila. Ƙwayar gado guda ce ke haddasa ta, shi ya sa gwajin jini kafin aure yake tona ta. Ciwon sukari da hawan jini ba haka suke ba: ɗaruruwan ƙwayoyin gado ne, kowace tana ƙara ɗan haɗari, ga kuma abinci da ƙiba. To, da me ake zaƙulo su? Da lissafi, wanda da yawanmu muka sha gudu tun muna aji uku.

A 2007 masana a Birtaniya suka tara majiyyata 14,000 masu cututtuka bakwai, da mutum 3,000 na kwatance, suka duba gurabe kusan 500,000 a ƙwayoyin gadon kowannensu, suna neman inda ɓangarorin biyu suka bambanta. Amma wanda ya jefa ƙuri'a sau dubu ɗari biyar, dole wata ta faɗo masa bisa dace. Saboda haka a yau ba a karɓar sakamako sai yiwuwar dacen ta gaza 1 cikin miliyan 20. Haka kuma, in majiyyatan 'yan wata ƙabila ne, na kwatancen 'yan wata, sai lissafin ya kamo bambancin asali, a zaci na cuta ne.

Abin da ya fi damuna shi ne, yawancin waɗanda aka auna Turawa ne. Ga misali APOL1, ƙwayar gadon da aka danganta da ciwon ƙoda a 2010: nau'o'inta masu haɗari sun yawaita a Afirka ta Yamma, Turawa kuwa kusan ba su da su. Wanda ya auna Turawa kaɗai ba zai taɓa ganinsu ba.