Abin da za mu ajiye a gida kafin bakwai ta buga

Tunda an hana taro a 2020, jawabin nan ta WhatsApp na yi shi, ga shi kuma a rubuce don waɗanda ba su samu saurare ba.

Kun san tun ranar 19 ga Maris 2020 da aka tabbatar da mutum na farko mai korona a ƙasarmu, abubuwa suka canza. A lokacin an rufe makarantu, an rufe iyakoki, an killace Yamai, da bakwai ta yi kuma kowa yakan shige gida sai shida na safe. Mun yi magana kan farashin hatsi, mun yi kan masu nema kullum-kullum. Yau maganar da na zo da ita ƙarama ce, amma ta kusa cin ran ɗiyar yayata.

Wani daren Talata a lokacin, wajen ƙarfe goma, yarinyar ta fara zawo da amai. Shekararta biyu. Kafin sha biyu ta yi laushi, jiki ya ɗauki zafi. Ba taksi, ba kabu-kabu, titi tsit. Muka buɗe durowa, abin da muka tarar leda ce cike da ƙwayoyi masu launi-launi, ba kwali, ba suna, ba wanda ya tuna na wane ciwo ne. Gida mai wayoyi huɗu, har da ni mai digiri, amma ba ko ma'aunin zafin jiki. Wallahi na ji kunya.

Maƙwabcinmu ne ya cece mu, wani tsohon ma'aikacin jinya da muke kira Majo. Ta saman katanga ya ce: “Ku tafasa ruwa lita ɗaya, ya huce. Ku zuba suga ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali, kar a tula, a shafe bakin cokalin. Ku dinga ba ta kaɗan-kaɗan. In ta yi amai, ku dakata minti goma ku ci gaba. In ta daina karɓa, kar ku jira safiya.” Haka muka kwana da cokali a hannu. Da gari ya waye muka kai ta likita, yanzu tana wasanta.

Darasin da na ɗauka shi ne: akwatin agajin farko ba farmasi ba ne, kuma ba ya maye gurbin lokotoro. Aikinsa ya riƙe maka mara lafiya har ka kai shi inda ya dace. Ga abin da na zuba a nawa washegari.

Na farko, ma'aunin zafin jiki. Tafin hannu ba ya faɗin gaskiya, balle a zafin Afrilu. Daga digiri 38 zazzaɓi ne.

Na biyu, SRO, wato garin gishiri da suga na ƙunshi, tare da ƙwayar zinki. Ƙunshin ya fi haɗin gida daidaito. Zinki kuma ana ba yaro kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. Ruwan da aka haɗa ya kwana ya wuni, a zubar a sake sabo.

Na uku, farasitamol, na manya daban, na yara daban. Na yara da nauyinsu ake auna shi, don haka ka tambayi mai farmasi ya rubuta maka a jikin kwalin. Babba kada ya wuce giram 4 a yini, fiye da haka hanta yake ci. Asfirin kuwa ba a ba yara.

Na huɗu, kayan rauni: Bétadine, ƙyallen ɗaure ciwo mai tsabta, bandeji, filasta, almakashi, safar hannu. Lokacin da aka rufe makarantu, yara suna gida wuni guda, kusa da murhu da butar shayi. In ƙuna ta faru, ruwa mai sanyi za a yi ta zubawa har minti 20. Ba man goge baki, ba ƙwai, ba toka, ko da kaka ta rantse da su.

Na biyar, sabulu, takunkumi da tocila mai batir, don ciwo ba ya jiran a dawo da wuta.

In akwai mai hawan jini, ciwon suga, asma ko amosanin jini a gidanku, ku duba maganinsa yau. Kada ya rage na kwana biyu sannan a fara neman kuɗi.

Yanzu abin da ba zai shiga akwatin ba. Ba kafso na tebur, wanda ya wuni cikin rana a bakin tasha. Ba maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita. Ba tiramol. Kulorokin ɗin da kowa ya yi ta magana a kai a Facebook a 2020, kar ka saya ka sha da kanka, yana iya taɓa zuciya. Kuma ba kowane zazzaɓi ne korona ba, ba kowane ne na cizon sauro ba. Gwaji ne ke rabewa, CSI na unguwa suna yin sa da ɗigon jini daga yatsa. Ku tuna tun 2006 doka ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Haƙƙinku ne, ku neme shi.

Abu mafi muhimmanci a akwatin ba magani ba ne, takarda ce. Ka rubuta lamba 15 ta agajin gaggawa, da lambar wani mai mota a unguwa, da alamomin da ba a jiran safiya da su: numfashi da ƙyar, jijjiga, yaro ya ƙi nono ko ruwa, jini cikin zawo, idanu su faɗa, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman a lokacin sanƙarau, ko mai ciki ta ga jini. In ka ga ɗaya, ka kira, ka fita da shi. Dokar hana fita ba ta kai rai ba.

Na san wani zai ce, “Kai, mu abinci muke nema.” Gaskiya ne, kuma za mu ci gaba da matsa wa hukuma kan haka. Amma duk kayan nan ban kashe jikka bakwai ba, don na ce a ba ni masu arha, ba masu babban suna ba. In gida ɗaya ba zai iya ba, gida biyar za su iya. Kowace fada tana tara kuɗin shayi da suga. Ku cire na mako guda ku haɗa akwati ɗaya, ku ajiye wurin wanda ba ya kashe waya da dare, a inuwa, inda hannun yara ba ya kaiwa. Duk wata a duba ranar lalacewar kowane magani.

Kafin Juma'a, kowa ya buɗe durowar gidansu, ya fitar da ledar nan marar suna, ya nemo Majon unguwarsu ya karɓi lambarsa. Ku turo hoton akwatinku a nan, mu ga unguwar da za ta riga.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.