Ginin Jiki a Hannun Mai Horarwa: Jawabi ga Ɗalibai da Sababbin Ma'aikata



Muna godiya ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ba mu dama mu yi magana a kan motsa jiki ƙarƙashin mai horarwa, watau mutumin da zai tsaya a kanka ya tsara maka aiki, ya gyara maka kuskure, har ka kai ga ƙarfin da kake nema. Wataƙila wasu su ga batun ya yi ƙanƙanta ga zauren jami'a. To, mu dubi yadda muke zaune. Da safe muna kan benci a aji, da rana muna kan kujera a laburare, in kuwa Allah ya sa mun gama, kujerar ofis ke jiranmu shekara talatin ko fiye. Iyayenmu da ke noma da kiwo da ɗiban ruwa ba su buƙaci kowa ya tsara musu motsa jiki ba. Mu kuwa boko ya zaunar da mu, tilas mu nemi abin da zai tashe mu.

Zama yana da illa, kuma an daɗe da tabbatar da haka. A shekarar 1953 wani likitan Ingila, Jeremy Morris, ya buga bincikensa a kan ma'aikatan bas-bas masu bene na birnin Landan. Ya tarar kwandastoci, masu hawa da sauka a matakala wuni guda, ba su kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobi da ke zaune. A shekarar 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ya kuma yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako.

To, me ya kawo mai horarwa cikin zancen? Bari mu ba ku labarin kanmu. Mu shida ne a ɗakin kwana muka cika gwangwanaye da siminti, muka soka musu sandar ƙarfe, muka shiga ɗagawa kowace yamma, kowa na son ya fi ɗan'uwansa. Ba a rufa mako uku ba ɗayanmu ya sunkuya da baya a lanƙwashe ya fizgi kaya, sai ga shi kwance, ya yi mako biyu bai shiga aji ba. Sa'an nan ne muka haɗa kuɗi muka nemi wanda ya karanci sana'ar. Ranar farko ko ƙarfe bai bar mu mun taɓa ba. Tambayoyi ya yi ta yi mana: wa ke da hawan jini, wa ke da asma, wa ya taɓa karaya, wa ya san rukunin jininsa game da sikila. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi a ƙasarmu, domin kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila, mai ita kuwa yana iya faɗuwa idan ya matsa wa kansa ainun cikin zafi da ƙishirwa.

Abu na biyu da ya koya mana shi ne faɗin buri dalla-dalla. "Ina son in yi ƙarfi" fata ne kawai, ba a iya auna shi. Amma wanda ya ce yana son ya yi gudun kilomita biyar ba tsayawa kafin ya tafi sansanin bautar ƙasa, ko yana son ya tsuguna ya miƙe da kaya mai nauyin jikinsa nan da wata shida, ya ba mai horarwa abin da zai yi lissafi a kai. Kowannenmu ya sayi ɗan littafi yana rubuta nauyin da ya ɗaga da yawan ɗagawar, saboda ido da madubi sukan yaudari mutum, amma rubutu ba ya ƙarya.

Abu na uku shi ne ƙarin nauyi sannu a hankali, wanda shi ne ginshiƙin wannan ilmi. A shekarar 1945 Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka, ya nuna cewa sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu sun fi saurin samun ƙarfi idan ana ƙara musu nauyin da suke ɗagawa mataki-mataki. A 1948 shi da Arthur Watkins suka fito da tsarin ɗagawa goma-goma har sau uku, wanda masu horarwa da yawa ke farawa da shi har yau. Dalilin kuwa shi ne jiki yana sabawa da abin da aka ɗora masa. Idan kayan bai ƙaru ba, ƙarfi ba ya ƙaruwa. Idan ya ƙaru fiye da kima, gaɓa ko ƙashin baya ne zai biya. Gano tsaka-tsakin nan shi ne aikin mai horarwa. Ya kuma faɗa mana kada mu karaya don ba mu ga damtse ya cika ba, domin ƙarfin makonnin farko yawancinsa daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake zuwa, suna koyon sarrafa tsoka. Girman tsokar sai daga baya.

Na huɗu shi ne hutu da abinci. Tsoka tana ginuwa ne lokacin hutu, saboda haka ya hana mu wahalar da tsoka ɗaya kwana biyu a jere, ya kuma nace mu yi barcin awa bakwai ko fiye. Bai tura mu sayen garin gwangwani mai tsada ba. Ya nuna mana wake da ƙwai da nono da ƙuli-ƙuli da awara da kifi, abincin da aljihun ɗalibi zai iya. Da azumi ya zo, ya rage mana kaya, ya mai da horon bayan buɗa-baki. A bazara kuma sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya.

Amma fa ba kowane mai faɗin ƙirji ba ne malami. Muna gargaɗinku da alamu uku. Duk wanda ya yi maka alkawarin sauya jiki cikin mako biyu, kuɗinka yake so. Duk wanda ya miƙo maka allura ko ƙwayar kumbura tsoka, guje shi, domin irin waɗannan magunguna suna lalata hanta da zuciya, suna kuma rage haihuwa. Su ne suka jawo aka ƙwace lambar zinariya daga hannun Ben Johnson na Kanada a wasannin Olamfik na birnin Seoul a 1988. Haka nan duk wanda ke ganin aman ɗalibi ko sumansa jarunta ce, bai san aikinsa ba. Tsamin jiki na kwana biyu ko uku ba abin tsoro ba ne, amma idan ciwon ya tsananta, fitsari ya koma launin baƙin shayi, to tsoka ce ke narkewa, ƙoda na cikin haɗari, sai a garzaya asibiti. Ku tambayi mai horarwa inda ya yi karatu, ku nemi ganin takardarsa, ku kuma yi magana da waɗanda ya horar.

Mun san za a ce kuɗi fa? Abin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar shida, kamar yadda muka yi. Har wa yau, muna roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta tuntuɓi sashen koyar da wasanni da lafiyar jiki, don manyan ɗalibansa su riƙa horar da mu bisa kulawar malamansu, a kuma ware wa 'yan'uwanmu mata wuri da lokaci da mai horarwa mace, yadda ba wadda kunya ko tsegumi zai hana ta kula da lafiyarta.

A ƙarshe, mai horarwa jagora ne, ba zai ɗaga maka kayan ba. Zuwa a kan lokaci da faɗa masa gaskiya idan wani wuri na ciwo, waɗannan suna wuyanmu. Abokinmu da ya kwanta da ciwon baya, yau bayan wata takwas yana ɗaga abin da ya fi wanda ya kayar da shi, bayansa a miƙe. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, ƙasar da ta kashe dukiyarta ta ilmantar da mu kuwa tana buƙatar mu daɗe muna yi mata aiki.

Allah ya ƙara mana lafiya.