Karatun Jami'a da Farilla ta Kifaya

 

Iyaye da yawa sun aiko mana tambaya guda. Yaro ya ci bak, ga yayyensa sun dawo da diflom suna tuƙa kabu-kabu, wasu suna koyarwa a kwantaragi, albashi bai kai su ƙarshen wata. Shin a tura shi jami'a, ko a ba shi jari ya shiga kasuwa?

Mu a zaure muka yi karatu, daga allo zuwa Ahalari, Ishmawi, Iziyya da Risala. Can malamanmu suka koya mana cewa farilla iri biyu ce. Akwai wadda take wuyan kowane baligi, kamar sanin tsarki da salla da azumi. Akwai ta kifaya: in wasu suka tsaya da ita, saura sun kuɓuta, in kowa ya bari, gari duka ya ɗauki laifi. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u, ya lissafa likitanci da ilimin lissafi cikin wannan kashi.

To, mu auna kanmu. Ba mu son namiji ya duba matanmu ranar naƙuda, amma mun hana ɗiyanmu mata karatun likita. Wa zai karɓi haihuwar? Annoba ta faɗa wa garke, rijiya ta ƙafe, tsutsa ta ci gero, duk sai an nemi wanda ya karanta. Kuma yau nisa ba uzuri ba ne. Bayan Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar Musulunci ta Say, ga jami'a a Maraɗi, ga ta a Damagaram, ga ta a Tawa.

Sai dai ba kowa aka ɗora wa ba. Wanda Allah ya buɗe masa ƙira ko noma ko fatauci, shi ma farilla ta kifaya yake tsare mana, kada a raina shi. Wanda kuwa aka ba fahimta, kada mu ɗaure shi a shago. Ya fara gyara sallarsa, ya zaɓi fannin da jama'a ke bukata, ya riƙe sana'ar hannu kada ya zauna jiran gwamnati. In albashi ya yi jinkiri, ladan wanda ya sauke wa gari nauyi ba ya ɓata.

Allah ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, ya sa mu cikin ƴantattun wannan wata.