Idan Gigin Tsufa Ya Kama Namu a Nan Kurmi

(Jawabin da kwamitin jin daɗin jama'a ya gabatar a taron ƙungiya, Sabo, Ibadan)



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin kasuwa, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa da kuka taso daga Ikko da Shagamu da Abekuta, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Maganar da aka ɗora mana yau irin wadda ba a son yi ce a bainar jama'a. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A cikin unguwannin nan namu akwai gidajen da tsoho ko tsohuwa suka rikice, iyali suna ta fama a ɓoye don gudun abin da mutane za su ce. Tambayar da ke ci musu tuwo a ƙwarya ita ce: a riƙe shi a nan, ko a mayar da shi Arewa, ko a kai shi gidan kula da tsofaffi? Abin da muke so mu tattauna ke nan.

Da farko dai mu san abin da muke magana a kai. Gigin tsufa, wanda wasu ke kira cutar mantuwa, ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Kowa yana mantuwa. Ka ajiye makulli ka neme shi, wannan ba komai ba ne. Amma idan dattijon da ya shekara arba'in yana lissafin huhun goro da ka ya kasa ƙirga canjin cefane, ko ya fito daga masallacin da ya saba ya rasa hanyar gida, ko ya ci abinci yanzu ya ce tun safe ba a ba shi komai ba, ko ya dinga cewa matar ɗansa ta sace masa kuɗi alhali shi ya ɓoye su ƙarƙashin katifa, to, wannan ya wuce mantuwar yau da kullum. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda aka sa wa sunan wani likita Bajamushe, Alzheimer, da ya bayyana shi a 1906. Wani nau'in kuma yana biyo bayan hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, saboda jini ba ya isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun haura miliyan 55 a duniya, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu suke.

Kada wani ya ce ciwon Turawa ne. A nan garin aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken da aka sani a kansa. Daga 1992, likitocin Jami'ar Ibadan ƙarƙashin marigayi Farfesa Osuntokun, tare da takwarorinsu na Indianapolis ta Amurka, sun bi gida-gida a unguwar Idikan suna duba masu shekara 65 zuwa sama. Sakamakon da suka fitar a 1995 ya nuna wajen mutum 2 cikin 100 a Ibadan, a can kuwa wajen 8 cikin 100 a tsakanin baƙar fata. Ya fi ƙaranci a nan, amma akwai shi. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Mai karanta Alƙur'ani ma ya san an ambaci wannan hali na tsufa a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5. Saboda haka ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma abin kunya ba ne ga zuri'a.

To me ya sa abin ya fi mana nauyi mu mazauna Kurmi? Dalili biyu ne. Na ɗaya, wannan ciwo yana cin abin da mutum ya koya daga baya, ya bar masa na ƙuruciya. Sai ka ga tsohuwar da ta shekara hamsin tana ciniki da Yarabanci a kasuwa ta wayi gari ba ta jin komai sai Hausa, wata ma sai Fillanci ko Barbarci. Na biyu, masu wannan ciwo suna yawan ficewa su ɓace. Tsoho ya ɓace a ƙauyensu, yaro ma zai riƙo hannunsa ya kawo shi gida. A nan fa? Duk mun sha jin labarin tsohuwar da aka tsinta da asuba a bakin titi ba ta san sunanta ba, jama'a suka taru a kanta wai mayya ce ta faɗo daga sama. Ku auna idan tamu ce, ga shi ba ta jin harshen masu tambayarta. Wallahi rai ake magana.

Kafin a yanke kowace shawara, a fara da asibiti. Akwai abubuwan da ke kama da gigin tsufa amma suna warkewa: ciwon mafitsara, ƙarancin wasu sinadarai a jini, matsalar maƙoƙo, baƙin ciki mai tsanani, rashin ji, har da haɗa magunguna barkatai. Rikicewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa, a garzaya asibiti ranar. A asibitin koyarwa na UCH akwai cibiyar kula da tsofaffi ta Cif Tony Anenih, wadda aka buɗe a 2012. Mutanen Ikko suna da asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, na Abekuta suna da Aro. Zuwa can ba ya nufin an ce mutum mahaukaci ne. Can ne masana ƙwaƙwalwa suke. Idan likita ya tabbatar gigin tsufa ne, mu sani har yau ba a sami maganin da ke warkar da shi ba. Akwai dai masu rage masa kaifi na wani lokaci. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai warkar da shi tas, a yi hattara da shi. Addu'a kuwa a yi ta, ba ta hana shan magani.

Yanzu mu ɗauki hanyoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya.

Hanya ta farko, riƙe shi a gida. Ita ce ta fi dacewa da addininmu da al'adarmu, kuma ita ta fi wa mara lafiyar sauƙi, domin abin da ke kwantar masa da hankali shi ne ɗakin da ya sani, da fuskokin da ya sani, da kiran sallar da ya saba ji. Amma mu gaya wa kanmu gaskiya, mu maza. Idan muka ce "muna riƙe da Baba," wa ke riƙe da shi? Mace ɗaya ce, ko matarsa wadda ita ma ta tsufa, ko 'yarsa, ko matar ɗansa. Ita ke wanki da ɗauraya, ita ke kwana ido biyu, ita kuma ake zargi da sata. Mu muna kara ko tasha tun asuba. Riƙon da zai kwantar da mai riƙo ba zai ɗore ba. A raba aiki, a raba kwana, wanda ke nesa ya aiko da kuɗi duk wata ba sai an roƙe shi ba. A kawar da wuƙa da risho da magunguna daga inda hannunsa zai kai. A sa sakata sama a ƙofar waje. A ɗinka masa ƙyalle a cikin riga mai sunansa da unguwa da lambar waya. Kada a yi gardama da shi. Idan ya tambayi mahaifiyarsa da ta rasu shekara talatin, ba sai an sabunta masa mutuwar kullum ba, a ja shi da hirar ta. Malamanmu ga su nan zaune, za su tabbatar cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a tilasta masa azumi, ba a kuma tsawata masa don ya rikita raka'a. Sannan mu 'yan kasuwa ne: idan mai gida ne da ke riƙe da amanar fatake da bashin mutane, tun yana da sauran fahimta a zauna gaban shaidu a rubuta, a naɗa wakili.

Hanya ta biyu, mayar da shi Arewa. Sau da yawa da kansa zai dinga cewa, "Ku kai ni gida." Mu fahimta, gidan da yake nufi shi ne na ƙuruciyarsa, mai iyayensa a ciki, kuma wannan gida babu shi yanzu ko a can. Sabon nan tun 1916 aka kafa ta. Da yawa cikin tsofaffinmu a nan aka yanke musu cibi, wasu kuma sun zo suna samari, sa'o'insu na can duk sun kwanta dama. Sauya wuri yana ƙara rikita mai wannan ciwo. Idan akwai 'ya ko ƙanwa a can wadda ta ce da bakinta ta yarda, tana da lafiya da sukuni, ga asibiti kusa, to madalla. Amma a ɗora tsoho a mota a sauke wa dangin da ba su gan shi ba shekara ashirin, wannan sauke nauyi ne aka sa masa rigar zumunci.

Hanya ta uku, gidan kula da tsofaffi. Mun san kalmar ma tana da ɗaci a kunne. Amma akwai halin da take zama dole: ciwo ya kai ga kwanciya har gyambo yana fita a baya, ko yana buƙatar nas dare da rana, ko yana dukan mai kula da shi, ko kuwa ba shi da kowa, kamar wasu tsofaffin 'yan dako da masu gadi da muka sani. Wanda ya kai nasa can bisa larura, yana biya, yana ziyara, kada mu zage shi. Irin waɗannan gidaje kaɗan ne a ƙasar nan. Akwai na gwamnatin Jihar Legas a Yaba, akwai na mishan, akwai na 'yan kasuwa masu zaman kansu, kuma ba kowanne ne ya iya da mai gigin tsufa ba. Saboda haka gani ya kori ji. A je mutum biyu ko uku, har da mace, a je ba tare da sanarwa ba, sau ɗaya da safe, sau ɗaya da yamma, domin wajen la'asar zuwa magariba ne masu ciwon suka fi rikicewa, a nan ake gane haƙurin ma'aikata. Ga abin da za a duba:

1. Takardar rajista daga gwamnatin jiha. A ce a nuna, a gani da ido.

2. Hanci zai gaya muku gaskiya tun daga ƙofa. Zarnin fitsari alama ce ta ƙarancin ma'aikata. A tambaya mutum nawa ke kwana aiki, akwai nas a cikinsu, yaushe likita ke zuwa, wane asibiti ake kai wanda jikinsa ya tashi.

3. A dubi mazauna gidan. Idan tsakar rana ce amma kowa na sharar barci, a tambayi irin maganin da ake ba su. Idan an ga wanda aka ɗaure a gado ko kujera, a juya kawai.

4. Harshe. Akwai mai jin Hausa ko da mutum ɗaya? Tsohon da ba zai iya cewa yana jin ƙishirwa a gane ba, ya shiga kurkuku ne.

5. Addini da sutura. Wane nama ake dafawa? Za a bar shi da butarsa da carbinsa da dardumarsa? Mace ce za ta yi wa mace wanka? Za a bari a kawo masa kunu ko tuwo daga gida, liman ya zo ya duba shi?

6. Ziyara. Gidan da ke ƙayyade ziyara ƙwarai, akwai abin da yake ɓoyewa. A zaɓi na kusa, inda za a iya zuwa duk mako, domin wanda ake yawan leƙawa shi aka fi kulawa da shi.

7. Kuɗi. A rubuta abin da kuɗin wata ya ƙunsa: magani, ƙunzugun manya, wanki, kai asibiti. A lissafa ko za a iya biya shekara biyu ko uku, domin ciwon nan yana daɗewa.

8. Na ƙarshe, wanda mu baƙi ba za mu yi wasa da shi ba: idan ta Allah ta kasance. A nan Kudu an saba ajiye gawa makonni, a yi mata allura. A rubuta a yarjejeniya cewa za a kira mu nan take, ko tsakar dare ne, ba za a taɓa gawa ba, mu za mu ɗauki namu mu yi masa sutura.

Ranka ya daɗe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun 2018 aka sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, amma tsohon da ya ɓace da magariba maƙwabci ne zai fara nemansa. Don haka kwamiti yana roƙon abu huɗu. A rubuta sunayen tsofaffinmu masu wannan larura tare da hotunansu, a ajiye a fada cikin sirri. A sanar da 'yan banga da shugabannin unguwannin Yarabawa maƙwabtanmu cewa duk tsohon da aka tsinta yana Hausa a kawo shi fada. A ware wani kaso daga kuɗin wata-wata don magani da kuɗin mota zuwa asibiti. Sannan ƙungiyar mata da samari su tsara karɓa-karɓa, ko yini ɗaya a mako, don mai jinya ta samu ta yi barci, ta je suna ko gaisuwa kamar kowa. Nan gaba kuma, in Allah ya yarda, mu ɗauki nauyin 'ya'yanmu biyu ko uku su karanci aikin nas, mu sami namu masu jin harshenmu.

Duk gidan da ke da irin wannan larura, a sami ɗan kwamiti bayan taro, ko a aiko mace ta sami shugabar mata. Ba wanda zai ji.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da lada, ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya sa mu gama da duniya lafiya da hankalinmu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum.