Ba Kowane Ciwo Ba Ne Haƙori

Jawabin da aka gabatar a taron haɗin gwiwa na Zumuntar Mata da dattawan ekklisiya

 

Da aka sanar da kan maganar yau, wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Baba Fasto, yau kuma zancen haƙorin jarirai za a yi?" I, shi za a yi. Mu ake kira idan za a kai yaro kabari, kuma ba sau ɗaya ba mun tambayi uwa abin da ya faru, ta ce da hawaye, "Ai haƙori ne yake fitarwa."

Yawancin yara sukan fara haƙori wajen wata 6, biyu na ƙasa su ne kan gaba. Kafin shekara 3 haƙoran nono 20 sun cika. A lokacin dasashi yakan kumbura ya yi zafi, miyau ya riƙa dalala, yaro ya yi ta rigima yana cizon duk abin da hannunsa ya kai. Cokali yana taɓa wurin ciwon, sai ya kau da kai ya ƙi kunu. Wannan na kwanaki kaɗan ne, yakan wuce.

To, me uwa za ta yi? Ta ci gaba da ba da nono duk lokacin da ya nema, gama yaron da ya ƙi kunu sau da yawa yakan karɓi nono. Ta wanke hannu da sabulu ta murza masa dasashi a hankali, ko ta jiƙa tsumma mai tsabta a ruwa mai sanyi, wanda aka tafasa ya huce, ta ba shi ya ciza kafin cin abinci. Kunun geron nan mai gyaɗa ko waken suya a bar shi ya huce sosai. A murƙushe ayaba, ko dankali, ko dafaffen ƙwai. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa. In ya sha cokali uku ya juya, a ƙyale shi, a sake gwadawa an jima. Zuma kuwa ba a ba yaro sai ya cika shekara.

Ɗura ce muke roƙonku ku bari. Mun sani da ita aka rene mu, kakanni kuma da ƙauna suke yi. Amma idan aka danne yaro aka toshe masa hanci aka kwarara kunu, kunun yana iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu. Haka ma kai shi wurin wanzami a tsaga dasashi ko a cire beli: jini ne zai zuba, ciwo ya shiga, yaron da ba ya ci ya ƙara ƙin ci.

Yanzu ga abin da ya kawo mu. Haƙori ba ya kawo zawo mai ruwa-ruwa, ba ya kawo amai, ba ya kawo zazzaɓi mai ƙarfi. Abin da ke ruɗa mu shi ne lokacin ya zo ɗaya. A watannin nan ne kāriyar da yaro ya samu daga jikin uwarsa take raguwa, ya fara rarrafe a tsakar gida inda kaji suke kiwo, ya kai komai baki, ya fara shan ruwa da kunu. Cuta ta shiga, haƙori kuma ya leƙo, sai mu ɗora masa laifi mu zauna jira. Ana jiran haƙori ya gama fita, zazzaɓin cizon sauro yana shanye jinin yaro.

Saboda haka in zafin jiki ya kai 38 a ma'auni, a kai shi asibiti a gwada jini. In zawo ne, a fara ba shi ruwan ORS nan take, ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a nemi ƙwayar zinc wurin ma'aikacin lafiya a ba shi kwana 10 zuwa 14. In kuwa ya ƙi nono ɗungum, ko maɗiga ta faɗa, ko ido ya zurma, ko fitsari ya ɗauke, ko jiki ya saki ba ya farkawa sosai, ba a jiran gari ya waye. Ku kira mu, za mu yi addu'a, amma mu yi ta a kan hanyar asibiti.

Sai maganin haƙori na kwalba. Wasunku za su tuna My Pikin. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wannan magani ya kashe yara aƙalla 84 a ƙasar nan, har da waɗanda aka kwantar a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. An samu guba a cikinsa mai lalata ƙoda, har hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba, sauƙi suka nema wa 'ya'yansu. In yaro na jin zafi ƙwarai, ma'aikacin lafiya ya faɗa muku yawan farasitamol daidai da nauyinsa. Kada a ba shi asfirin.

Ku maza, maganar ta shafe ku. Matar da ta kwana uku tana jijjiga ba ta da ƙarfin yin gardama da surukarta. Kai ne za ka ce, "Mama, a yi haƙuri, asibiti za mu." Kai ne kuma za ka fitar da kuɗin. Ranar Lahadi kuma in jariri ya tsala kuka ana tsakiyar sujada, a daina waiwaye ana harara. Wata ta karɓe shi uwar ta huta.

Muna roƙon kowace majami'a, kafin damina ta sauka, dattawa su ajiye ORS a hannun shugabar Zumunta, su kuma sanar da sunan mai babur ɗaya wanda za a iya bugun ƙofarsa ko da tsakar dare ne, kuɗin mai daga asusun ekklisiya. Sakatare zai karɓi sunayen kafin mu tashi.