Tarin da Ba na Tibi Ba: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

Shugaban taro, malamanmu masu daraja, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne. Jinyar kawuna ce ta sa na shiga wannan bincike.

Kawun nan manomi ne a Randagi. Ya yi tarin tibi, ya sha magani wata shida, aka ce ya warke. Bayan shekara tari ya dawo, har da jini. Aka auna majinarsa ba a ga tibi ba, amma a wani asibiti aka sake ɗora shi a kan maganin. Sai da muka kai shi gaba aka yi hoton ƙirji da gwajin jini, aka gano fumfuna ce mai suna Aspergillus ta zauna cikin ramin da tibi ya bari a huhunsa. Dangin wadda ke fitowa a jikin masara ce in an zuba ta a rumbu ba ta bushe ba.

Malamin bayoloji ya koya mana fumfuna a kan burodi, mu kuma iyakarmu makero da kyasbi. Ashe tana kisa.

Tsohuwar hanyar gane ta ita ce a shuka ta a faranti, a jira ta tsiro, a duba kamanninta. Wata, kamar Histoplasma, wadda ake samu a ƙasar da kashin jemage ya taru, takan ɗauki makonni kafin ta fito, kuma ciwonta ma kama da tibi yake. Ga shi ido na yin kuskure. Candida auris, da aka fara bayyanawa a Japan a 2009, an daɗe ana ɗaukarta wata 'yar'uwarta ce.

Sabuwar hanya ƙwayar halitta take karantawa. Dabarar PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, tana ɗaukar ɗan guntun DNA ta ninka shi sau miliyoyi. A 2012 masana suka tsayar da wani guntu da ake kira ITS a matsayin shaidar da za a riƙa bambanta fumfuna da ita, tamkar zanen yatsa. Amfanin sanin sunan kuwa, magani ne: fluconazole, da ya fi sauƙin samu, ba ya taɓa Aspergillus, kuma yawanci Candida auris ba ta jin sa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 masu haɗari, waɗannan biyun duk suna sahun farko.

Kada a ce abin na Turai ne. Injin GeneXpert da ake gwada majinar masu tibi da shi a asibitocinmu, da PCR yake aiki. Wahalarmu mu mutanen Birnin Gwari ita ce nisa da kuɗin mota zuwa Kaduna ko Shika.

Roƙona ga ƙungiya, a ware wani abu daga asusunmu don kai duk wanda ya gama maganin tibi amma tari bai bar shi ba. Ni zan fara da nawa yau, ma'aji ya buɗe littafi.