Dillancin filaye a Karakara da Gaya: ba a fafe gora ranar tafiya

 

Batun wannan zama shi ne sana'ar dillancin filaye da gidaje a ƙasar Karakara da Gaya, da irin shirin da ya wajaba a kan duk mai son cin abinci da ita. Mutane da yawa na ɗaukar dillanci a matsayin aikin wanda ya rasa aiki, mai yawo tsakanin majalisu yana neman la'ada. Amma ta hannun wannan mutum ne gonar gado ke fita daga wani gida ta shiga wani, ta hannunsa ne kuma malamin makaranta ke zuba kuɗin da ya tara shekara talatin. In ya san aikinsa, gidaje biyu sun zauna lafiya. In bai sani ba, shari'ar da zai haifar sai ta kai jikoki.

Ƙidayar jama'a ta 1988 ta samu mutum miliyan 7 da ƴan kai a Nijar, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 kuwa miliyan 17. Garin Gaya, da ke da mutum kusan 15.000 a 1988, ya haura 45.000 a 2012. Ƙasa kuwa ba ta ƙaru da ko taƙi ɗaya ba. Ga shi yankin ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, ga fadamun Dallol Mawri inda rake da giginya da kayan lambu ke yi. Ƙasa irin wannan kowa na da ido a kanta: manomi, makiyayi, attajiri da ma'aikaci.

Dillalin da, da abin da ya canza

A da, ciniki na ƙarewa ne a zauren mai gari. A kira dattawa, a zagaya iyaka, a nuna gamba ko itacen da ya raba gonaki, a raba goro, a shafa fatiha. Jarin dillali shi ne sanin asalin kowane gida da kuma amanar da aka ba shi. Wannan tsari ya yi aiki domin kowa ya san kowa. Sai dai shaidu na mutuwa, gamba na ƙonewa, mai saye kuma yau yana iya zama ɗan Yamai ko ɗan Kamba wanda ba ya sanin kowa a gari.

Canji na farko ya zo daga doka. Bayan taron ƙasa na 1991, gwamnatin riƙon ƙwarya ta fitar da doka mai lamba 93-015 ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta aza harsashin kundin dokokin karkara. Dokar ta ce mallakar da ta samo asali daga al'ada da wadda ta samo asali daga takarda duk suna da kariya iri ɗaya. Ta kuma kafa hukumomin filaye da aka fi sani da Kofo. A yau tsarin na da matakai: na ƙauye a ƙarƙashin mai gari, na komin, da na gunduma a ƙarƙashin perfe. A nan ake samun takardar shaidar mallakar gargajiya, da ta sayarwa, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. A 2006 kuma aka fito da takardar mallaka mai sauƙi da aka raɗa wa suna Sheda. Dillalin da bai iya bambanta waɗannan takardu ba, makaho ne ke jan makaho.

Canji na biyu ya zo daga kuɗi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Wanda ya kwana da jika ɗari a ƙarƙashin katifa ya wayi gari ƙarfinta a kan kayan waje ya koma na jika hamsin. A waɗannan shekaru kuma ma'aikata na yin watanni ba albashi, har ta kai a farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya wani ɓangare na bashin albashi da filayen gini. Ma'aikata da dama, saboda matsi, suka sayar da takardunsu da araha ga masu kuɗi a hannu. Tun lokacin jama'a suka gane cewa fili asusu ne da ba ya narkewa, cinikinsa kuma ya zama babbar harka.

Canji na uku na mulki ne. Zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2004 ya kawo magadan gari, Karakara ta zama komin ta karkara. A 2011 aka ɗaga Junju ta zama gunduma, Karakara da Zabori suka koma ƙarƙashinta bayan a da suna ƙarƙashin Gaya. A watan Afrilun 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun komin, suka naɗa kantomomi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya canza amsar tambaya ɗaya: wa ke da ikon sa hannu, kuma a wane ofis rajista take? Dillalin da ke kai mutane ofishin jiya, ɓata musu kuɗin mota kawai yake yi.

Iyaka ce ke yanka farashi

Canji na huɗu, wanda ya fi sauran ƙarfi, shi ne na iyaka. Arzikin Gaya ya ginu ne a kan gadar da ta haɗa ta da Malanbil, da hanyar Kamba a jihar Kebbi. Kafin rufe gadar a 2023, kaya na sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hauro, a sauke su a mangazu, sannan su tsallaka Najeriya: gwanjo, atamfa, shinkafa da sauransu. Haya da farashin fili a bakin hanya duk wannan zirga-zirga suke bi. Direba na neman ɗaki, ma'aikacin duwan na neman gida, attajiri na neman mangaza.

Amma ƙofar nan ba a hannun mutanen Gaya take ba. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Afrilun 1984 zuwa Maris 1986. Ta hana shigo da motoci ta ƙasa daga Janairun 2017. Ta sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, gada ta tsaya cik, manyan motoci suka yi jerin gwano a ɓangaren Binin. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma Nijar ta bar nata ɓangaren gadar a rufe a wannan shekara, kaya masu yawa suka koma hanyar Lome ta Burkina Faso, mutane kuma suka koma tsallaka kogi a kwalekwale. Wanda ya ci bashi ya gina mangaza yana lissafin hayar shekara goma, shi ya san abin da ya gani.

Akwai kuma darasin jirgin ƙasa. Tsakanin 2014 da 2016 kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, da niyyar ya bi ta Gaya ya haɗe da Paraku. Layin bai kai Gaya ba, bai kuma shiga aikin jigila ba. Duk mai sayen fili saboda jawabin da aka yi ranar aza harsashi, to, ya tuna da waɗannan ƙarafa. Alkawarin gwamnati labari ne, sai an ga aiki a ƙasa yake zama farashi.

Shirin da ya wajaba

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Mai son daɗewa a wannan sana'a yana buƙatar abubuwa biyar.

Na ɗaya, karatu. Takardun hukuma da Faransanci ake rubuta su. Dillalin da bai yi makarantar boko ba bai makara ba: akwai karatun manya, akwai kuma ɗa ko ƙane mai ilimi da zai iya jawowa jiki ya zama magatakardansa. Ya riƙe littafi na kansa, ya rubuta ranar kowane ciniki, sunayen shaidu, girman fili da kuɗin da aka biya, ya ajiye kwafin kowace takarda. Wayar hannu ma ta sauƙaƙa aiki: ana ɗaukar hoton takarda da ita, ana kuma ɗaukar ma'aunin kusurwoyin gona.

Na biyu, sanin gado. Mafi yawan rigingimun fili daga nan suke tasowa. A ɗauki misalin ma'aikacin da ya kusa ritaya, ya sayi gona a hannun babban ɗan mamaci, ya biya, ya fara shuka mangwaro. Bayan shekara uku ƴar'uwar mai sayarwa ta dawo daga gidan aure a Najeriya, ta ce ba a raba gado ba. Gaskiya ce da ita: ɗiya mace na da rabin rabon namiji, matar mamaci na da tumuni in akwai ƴaƴa. Daga nan sai zaman sulhu gaban mai gari, sannan gaban sarkin kanton, in abin ya ƙi sai gaban alƙali. Dillalin kirki, kafin ya yi maganar kuɗi, tambayarsa ta farko ita ce: an raba gado? Magada nawa ne, mata da maza, na gida da na waje, kuma duk sun yarda?

Na uku, sanin abin da ba ya sayuwa. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar da cewa burtali da makiyaya da mashayar dabbobi dukiyar ƙasa ce, ba mai ikon sayar da su. Yankin nan hanyar garkunan da ke gangarawa kudu ce da rani, su hauro da damina. Wanda ya yi dillancin burtali, la'adar jini ya ci, domin a irin waɗannan wurare ne faɗan manoma da makiyaya ke ɓarkewa. Haka nan dazuzzukan da hukuma ta keɓe, da kwaruruka masu cika da ruwa. Ambaliyar 2020 da ta 2024 sun nuna wa kowa cewa filin da ya yi kyau a watan Maris yana iya zama tafki a watan Agusta. Dillali ya san filinsa da damina kafin ya tallata shi da rani.

Na huɗu, sanin cewa ƙasa uku dokoki uku ne. Hausa ɗaya ake ji a kasuwannin Gaya, Kamba da Malanbil, amma takardar nan ba ta aiki a can. A Najeriya, dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, mutum kuma takardar izinin zama yake samu. Binin ta yi sabon kundin filaye a 2013, da sharuɗɗa na musamman a kan baƙi. A fannin hayar kanti da mangaza kuwa, Nijar da Binin na bin dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda suka ba ɗan haya haƙƙin sabunta yarjejeniya in ya yi shekara biyu yana sana'arsa a wurin bisa ƙa'ida. Mai gida da ɗan haya da yawa ba su san wannan ba sai ranar da suka haɗu a kotu.

Na biyar, kada a rataya rayuwa a igiya ɗaya. Shekarar da gada ta rufe, dillalin da bai san komai ba sai hayar mangaza ya zauna hannu rabbana. Wanda ya san harkar fadama, da jinginar gonaki, da kula da gidajen haya na mutanen da ke zaune Yamai ko ƙetare, bai rasa na cefane ba. Ya kuma ware wani abu daga la'adar shekarar albarka domin shekarar tsanani, tunda tarihi ya nuna cewa iyakar nan ba ta daɗewa ba a taɓa ta ba.

Ga masu saye, da masu mulki

Ɗan kasuwa da ma'aikaci su ma da nasu nauyi. Kada mutum ya biya kuɗin filin da bai taka da ƙafarsa ba, gani ya kori ji. Ya gaisa da maƙwabtan iyaka huɗu, ya ji ta bakinsu. In filin gini ne na cikin gari, ya je ofishin komin ya duba ko lambar da ke kan takarda ta dace da sunan da ke cikin rajista, domin sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku ba sabon abu ba ne a biranen ƙasar nan. Ya biya a gaban shaidu, ya karɓi takarda a ranar. Fili mai arahar da ta wuce hankali, akwai abin da ke binne a ƙarƙashinsa.

Masu riƙe da hatimi kuwa, zaɓaɓɓu ne ko naɗaɗɗu, su sani cewa yankan filaye ba hanyar cike giɓin kasafin kuɗi ba ce, ba kuma tukwicin magoya baya ba ne. Duk gonar da aka yanka ba tare da an biya mai ita haƙƙinsa ba, wata shari'a ce aka ajiye wa magajin kujera. Kofo da ba ta da magatakarda, ba ta da rajista, ba ta da kuɗin zuwa duba iyaka, suna ce kawai a takarda. In ana son talaka ya bi doka, sai a kawo masa ita kusa, a kuma liƙa kuɗin kowace takarda a bango inda kowa zai gani.

A ƙarshe, amanar da dattawan da suka riƙe ita ce har yanzu babban jarin dillali. La'ada ɗaya ta haram na iya rushe sunan da aka gina shekara ashirin, kuma a gari kamar Karakara labari ba ya kwana. Abin da zamani ya ƙara shi ne cewa amanar nan yanzu tana buƙatar alƙalami, rajista da sanin doka. Matashin da ya haɗa biyun, ya zauna gaban dattijo ya koyi tarihin gonaki, ya kuma zauna gaban magatakardan Kofo ya koyi takarda, shi mutane za su riƙa nema ko gada na buɗe ko tana rufe.

Allah ya ba da zaman lafiya da damina mai albarka, ya tsare kowa daga cin haƙƙin maraya.